Inosin ko cakuɗen N a firaima, da sauran haruffan DNA da aka sauya wa siffa

Rukayya:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman taimako a kan firaimar PCR, wato gajeren zaren DNA da ake fara ninka kwafin wani yanki da shi. Na jera jerin wata ƙwayar gado daga nau'o'in bakteriya da dama, wurin da nake son firaimar ta zauna kusan iri ɗaya ne a dukkansu, sai gurabe huɗu da harafin ke canzawa, kuma duk a matsayi na uku na kodon, wato rukunin haruffa uku da ke nuna amino asid ɗaya. Aka ba ni shawarar in sa inosin, harafin da ake cewa yana kama kowane harafi, a guraben nan, na sa. Da folimares Taq, enzayim mai kwafar DNA, layi ya fito a jel sarai. Da na koma folimares Pfu saboda ina son kwafi mai ƙarancin kuskure, babu ko alama. Firaimar ce ta lalace, ko akwai abin da ban gane ba?

Dokta Bashir:
Wa alaikumus salam Malama Rukayya. Firaimarki lafiya lau take, ruwa ba ya tsami banza. Pfu da 'yan uwanta da aka samo daga arkiya suna da wani ɗan aljihu a jikinsu da ke leƙa zaren da suke kwafa, haruffa kamar huɗu gaba da inda suke aiki. In suka hango yurasil sai su tsaya cak, domin a wajensu yurasil a cikin DNA alama ce ta saitosin da ya lalace. Haifozantin, wato harafin da ke jikin inosin, shi ma adenin ne da ya rasa aminonsa, kuma aljihun yana kama shi. A zagayen farko firaimarki ce ake ƙara wa tsawo, ba matsala. Daga zagaye na biyu ta zama ɓangaren zaren da ake kwafa, enzayim ɗin ya zo dab da ita ya tsaya, ƙarshen bai cika ba, saboda haka babu mazaunin firaima a zagaye na gaba. Taq ba ta da wannan aljihun shi ya sa ta wuce. Akwai Pfu da aka sauya wa amino asid na 93, daga balin zuwa gulutamin, don toshe aljihun. Ki nemi irin wadda aka ce tana jure yurasil. Amma ni da za ki bi tawa, ki bar inosin ki yi amfani da cakuɗe.

Malam Sani:
Bayanin Pfu ya yi daidai, Dokta, amma ban yarda da shawarar ƙarshe ba. Gurabe huɗu na N, wato cakuɗen A, C, G da T a kowane gurbi, na nufin firaima iri 256 a bututu ɗaya. Wadda ta dace da abin da ake nema ɗaya ce daga cikinsu, sauran suna yawo suna neman inda za su manne. In gurbin ya zama biyar kin kai 1,024. Sannan abin da masu oda ba sa gani: in na'urar haɗa DNA ta zuƙo fosforamidait huɗu, wato haruffan da aka shirya mata don ɗaurawa, lokaci guda, ba sa ɗaurewa da sauri ɗaya, don haka kashi 25 na kowanne da ake zato ba shi ke fitowa ba sai an auna an cakuɗa da hannu. Inosin kuwa kwalba ɗaya ce, firaima iri ɗaya ce, kuma a wajenmu masu haɗawa tana cikin mafi sauƙin hali, tunda ba ta da amino a waje da zobenta ba ta buƙatar garkuwa a kan harafin ko kaɗan.

Dokta Bashir:
Malam Sani, kai daga ɓangaren na'ura kake kallo. Ni daga ɓangaren bututun PCR nake kallo, kuma abin da nake ƙi shi ne a riƙa gaya wa ɗalibai cewa inosin tana auren kowane harafi. Ba daidai take kama su ba. Da C ta fi ƙarfi, sai A, sannan T da G a can ƙasa. In folimares ta zo kanta C take sa mata a gaba, wato G take ɗaukarta. Duk inda ainihin harafin firaimar ya kamata ya zama C, an sa inosin ta fuskanci G, kin raunana wurin. Kuma wa ya ce lallai sai N? Rukayya, ki koma ki duba jerinki. A matsayi na uku na kodon sau da yawa canjin tsakanin C da T ne kawai, ko tsakanin A da G. In haka ne Y (cakuɗen C da T) ko R (cakuɗen A da G) za ki sa, gurabe huɗu su ba ki 16 maimakon 256.

Rukayya:
Na duba, ranka ya daɗe. Biyu C ko T ne, ɗaya A ko G, ɗaya ne kaɗai ke ɗaukar duka huɗun. Kuma wannan na ƙarshen yana tsakiyar firaimar.

Malam Sani:
To a nan mun haɗu da Dokta. Y biyu, R ɗaya, inosin ɗaya a tsakiya, kin samu iri 8 kacal. Sharaɗi dai kada wani gurbi mai shakka ya matso bakin 3', wato bakin da folimares ke ƙara wa tsawo, haruffa biyar na ƙarshe su zama tabbatattu. Kuma idan kin karanta jerin abin da PCR ta haifar, ki yanke wurin firaimar ki jefar, domin G za ki gani a gurbin inosin ko mene ne asalin harafin.

Dokta Bashir:
Na amince, da sharaɗin folimares mai jure yurasil.

Aminu:
Malamai, ai na karanta akwai haruffan da suka fi inosin adalci, 5-naitiro-indol da 3-naitiro-firol. Me zai hana a yi amfani da su a huta?

Malam Sani:
Adalcinsu na rashin kama kowa ne, Aminu. Ba sa ƙulla haɗin haidirojin da harafin da ke gabansu, lafewa kawai suke yi tsakanin na sama da na ƙasa, faɗin zobensu ke riƙe su. A furob da aikinsa mannewa ne kawai suna da amfani. A firaima kuwa folimares tana zuwa kansu ta rasa abin da za ta karanta, sai ta yi tuntuɓe. Akwai wasu biyu da na fi ganin hikimarsu, ana kiransu P da K. P tana zama a gurbin C ko T, ta kama G ko A. K tana zama a gurbin A ko G, ta kama C ko T. Da su ana iya maye Y da R ba tare da cakuɗe ba, sai dai ba kowane mai haɗa oligo, wato gajeren zaren DNA, ke ajiye su ba.

Farfesa Lawal:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina so yaran da ke karatu a nan su san dalilin da ya sa ma ake iya yin wannan gardamar. Francis Crick ne a 1966 ya bayyana yadda inosin da ke jikin tRNA ke iya karanta kodon fiye da ɗaya, daga halitta aka aro dabarar. Amma iya dasa baƙon harafi a gurbin da ka ga dama, wannan kyautar sinadarai ce. Michelson da Todd sun haɗa haruffa biyu a 1955. Khorana ya kawo DMT, garkuwar da har yau take rufe bakin 5'. Letsinger ya ɗora aikin a kan daskararren abu don a riƙa wankewa maimakon tacewa. Sai Beaucage da Caruthers a 1981 suka fito da fosforamidait, wanda ke zaune lafiya a kwalba sai an taɓa shi da tetirazol ya farka. Abin lura shi ne na'urar ba ta karanta harafi. Abin da ta sani bakin 5' mai DMT da bakin 3' mai fosforas. Duk abin da ka rataya tsakanin waɗannan biyun za ta ɗaura shi, ko adenin ne, ko fenti mai ƙyalli, ko sukari tsura marar harafi. Enzayim ba zai taɓa yi maka wannan biyayyar ba.

Malam Sani:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Sai dai zan ƙara da cewa ɗaurawar ita ce mai sauƙi, a wajen fita gizo ke saƙa. Bari in faɗi abin da baƙon harafi ke sha kafin ya iso hannun mai oda. Ana gini ne daga 3' zuwa 5'. A kowane zagaye asid ya cire DMT, ruwan ya fito ruwan lemo, wanda da shi muke gane ɗaurin baya ya kama. Sabon harafi ya shigo da mai farkar da shi. Zarurrukan da suka ƙi karɓa a toshe su da asetik anhaidiraid don kada su ci gaba da giɓi. Sai aidin da ruwa su mayar da fosfait zuwa fosfet. Harafin da ka sa a gurbi na uku daga bakin 3' na oligo mai haruffa talatin zai sha asid da aidin sau ashirin da wani abu bayan shigarsa. In an gama a jiƙa duka cikin amoniya mai ƙarfi a digiri 55 a kwana, don a cire benzoyil daga A da C, aisobutiril daga G, sayano-etil daga fosfet. Haruffa huɗun asali an zaɓar musu garkuwar da ta dace da wannan wahalar. Baƙo kuwa kowanne da abin da ba ya so.

7-di'aza-G, wanda aka cire wa naitirojin na bakwai don hana jerin G naɗewa gida huɗu-huɗu, aidin ke cin sa, gara a sauya mai oksidaiz zuwa CSO. 5-buromo-dU da 5-ayodo-dU, da ake amfani da su wajen ɗaure DNA da furotin ta hanyar haske ko gano tsarin kiristal, amoniya mai zafi na tumɓuke halojin ɗin ta bar amino a wurin, don haka a zafin ɗaki ake kwance su, kuma a ɓoye su daga haske. 8-okso-G yana ƙara ƙonewa a cikin amoniya in ba a zuba markafto-etanol ba. Wasu fenti ba sa jure amoniya mai zafi sam. Saboda haka tun kafin a ɗaura harafin farko ake tambaya wane ne mafi rauni a jerin, a zaɓar wa sauran garkuwa saboda shi, kamar ayarin da ke tafiya da takun gurgun cikinsa.

Rukayya:
Malam, wannan batun 8-okso-G ya shafi wata abokiyar karatuna da ke aiki a kan gyaran DNA. Me ya sa ake wahalar haɗa lalataccen harafi da gangan?

Dokta Hauwa:
Bari in amsa wannan, ƙanwata, don yana cikin abubuwan da suka sa nake ƙaunar fannin nan. A cikin ƙwayar halitta guwanin ne ya fi saurin ƙonewa da oksijin, kuma 8-okso-G na iya juyawa a kan sukarinsa ya kama A maimakon C. In ba a gyara ba, G:C ta koma T:A a zuriya ta gaba. Akwai enzayim da ke farautarsa, OGG1 a mutum, Fpg a E. coli, da MutY mai cire A ɗin da aka sa masa bisa kuskure. To yaya za ki auna aikin waɗannan? In kika zuba wa DNA sinadari mai ƙonawa, za ki sami lalacewa iri-iri a wurare barkatai, ba ki san wanne enzayim ɗin ya gani ba. In kika haɗa oligo mai lahani guda ɗaya a gurbin da kika sani, kika sa masa C ko A a gabansa yadda kika so, tambayarki ta zama mai amsa ɗaya. Haka ake yi da O6-metil-G, da taimin biyu da hasken rana ya manne, da gurbin da harafi ya fita. Shi wannan na ƙarshen na ainihi ba ya jure alkali, zaren tsinkewa yake, shi ya sa aka ƙera makwafinsa da zoben THF wanda ke zaune daram kuma enzayim APE1 na yanka shi. Yawancin abin da aka sani a kan gyaran DNA daga irin waɗannan gajerun zarurruka ya fito.

Haka ma batun alamomin da ke kan saitosin. 5-metil-C an daɗe da saninsa. A 2009 aka nuna cewa 5-haidiroksimetil-C yana da yawa a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa, kuma enzayim na TET ke yin sa daga 5-metil-C. Ba a jima ba aka gano na fomil da na kaboksil. Samun fosforamidait na kowannensu ya taimaka wajen gwada wane furotin ke gane wanne.

Malam Sani:
Kuma 5-haidiroksimetil-C ɗin nan misali ne na akasin abin da na faɗa. Nau'insa na farko da aka rufe da sayano-etil sai an dafa shi a amoniya da zafin da ya fi na kullum kafin garkuwar ta fita. Ka haɗa shi a oligo ɗaya da fentin da ba ya son zafi, ka shiga tsaka mai wuya, sai dai ka nemi nau'in da aka yi wa wata garkuwar, ko ka liƙa fentin bayan an gama.

Aminu:
Malam Sani, ba AMA ke magance wannan duka ba? Na ga ana cewa minti 10 a digiri 65 an gama.

Malam Sani:
AMA sauri take bayarwa, ba taushi ba. Amoniya ce da metilamin rabi da rabi, kuma metilamin ya fi amoniya kai hari. In C ɗinka na da benzoyil, wani kaso zai koma N4-metil-C, shi ya sa dole a yi amfani da C mai asetil. Taushi na gaske shi ne a sa wa A da G garkuwar dangin fenoksi-asetil, a kwance da fotasiyam kabonet cikin metanol a zafin ɗaki. Ko a nan akwai tarko: in ka bar asetik anhaidiraid a matsayin matoshi, asetil na iya maye gurbin garkuwar G, shi kuma ba ya fita cikin sauƙi, sai an sauya matoshin shi ma zuwa na fenoksi-asetil. Mutum ya sa harafi ɗaya baƙo, kwalabe huɗu ko biyar sun canza a na'ura.

Dokta Hauwa:
Kun daɗe a kan harafi, ku bar ni in ja ku zuwa sukari da ƙashin baya, domin a wajen magani can ne aikin yake. DNA tsura in aka sa ta a jini enzayim masu yanka sun cinye ta nan da nan. Fritz Eckstein tun shekarun 1960 ya nuna cewa in aka maye oksijin ɗaya na fosfet da sulfa, yankan na raguwa ƙwarai. A na'ura abu ne mai sauƙi, a ɗauke aidin a sa mai ba da sulfa. Fomibasen, maganin farko na wannan dangi da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, haruffa 21 ne duk da wannan ƙashin bayan. Daga baya aka koma kan matsayi na 2' na sukari: metoksi, fuloro, metoksi-etil. Nusinasen na 2016, maganin ciwon shanyewar tsoka na SMA, haruffa 18 ne, kowanne da metoksi-etil, kowane C nasa kuma mai metil ne. Metil ɗin nan aiki biyu yake yi. Yana ƙara wa mannewa ɗan ƙarfi, kuma yana rage tayar da garkuwar jiki, domin TLR9, wani furotin na garkuwar jiki, na ɗaukar CG marar metil a matsayin alamar bakteriya.

Amma ba a lulluɓe ko'ina da gyara in ana son a yanke RNA. Enzayim RNase H sai ya ga DNA ta ainihi manne da RNA kafin ya yi yanka. Shi ya sa ake tsara biyar gyararru a hagu, goma DNA a tsakiya, biyar gyararru a dama, kamar yadda mifomasen na 2013 yake. Nusinasen ba yanka yake so ba, rufe wani wuri yake a RNA ta SMN2 don a daina tsallake ekzon na 7, saboda haka shi an gyara shi kaf.

Dokta Bashir:
Hajiya, abin da ke damuna da sulfar nan shi ne ba a cika faɗa wa mutane cewa kowane fosforas ya zama mai hannu biyu ba, wato yana iya fitowa a siffar dama ko ta hagu. Haɗi 17 masu sulfa na nusinasen na nufin siffofi 131,072 a kwalba ɗaya. Muna nan muna gardama a kan firaima 256.

Dokta Hauwa:
Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Bambancin shi ne duk waɗannan siffofin jerin haruffansu ɗaya ne, RNA ɗaya suke nema, sai dai wasu sun fi jure yanka wasu sun fi jan RNase H. Abin da ake buƙata a masana'anta shi ne cakuɗen ya fito iri ɗaya kowane karo, kuma mai farkarwar da aka yi amfani da shi na shafar rabon. Akwai masu aikin haɗa kowane fosforas da hannun da aka zaɓa, sinadaran sun fi wuya, kuma har yanzu ana kai ruwa rana a kan ko ribar ta kai wahalar.

Rukayya:
Ina ne LNA ta shigo a nan? An taɓa ce mini in firaima ta yi rauni in zuba mata LNA.

Dokta Bashir:
Kada ki zuba, ki ɗiga. LNA sukari ne da aka ɗaure oksijin na 2' da kabon na 4' da gadar metilin, ya ƙage a siffar da RNA ke so. Rukunin Imanishi a Jafan da na Wengel a Denmak suka fito da ita a 1997 da 1998. Kowace ɗaya na iya ɗaga zafin rabuwa da digiri biyu zuwa takwas, wanda ya sa gajeren furob ke iya bambance harafi guda. Amma LNA na kama LNA da ƙarfin da ya wuce misali, in kika yawaita firaimar ta naɗe kanta ko ta rungumi 'yar uwarta. Sau da yawa ƙara haruffa uku na talaka a bakin 5' ya wadatar. In ɗan ƙari kaɗan ake so akwai 5-metil-C, ko furofainil a matsayi na biyar na U da C, ko 2,6-dayaminofiyurin a gurbin A, wanda ke kama T da haɗi uku maimakon biyu.

Aminu:
Wannan na ƙarshen ai ba ƙirar ɗakin gwaji ba ce kaɗai. A 1977 aka same shi a wani bairos mai cin sayanobakteriya, S-2L, ya maye adenin gaba ɗaya, kuma a 2021 aka gano enzayim ɗin da ke ƙera shi da cewa wasu bairos da yawa na da shi. Wannan ne ya sa nake ganin makomar fannin ba a kwalaben Malam Sani take ba. Benner ya nuna aiso-C da aiso-G tun wajen 1990, a 2019 suka fito da tsarin haruffa takwas. Romesberg a 2014 ya sa E. coli ta riƙe ma'aurata na uku, NaM da 5SICS, waɗanda ko haɗin haidirojin ba su da shi. Ga allurar mRNA, da N1-metil-sudoyuridin, har Karikó da Weissman suka sami Nobel a 2023, kuma enzayim ne ke haɗa ta. Ga masu haɗa DNA da enzayim TdT a cikin ruwa, babu asetonaitiral babu asid. Ni gani nake fosforamidait na gab da yin ritaya.

Malam Sani:
Aminu, ka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Gyararren nukiliyosaid ɗaya ana iya shirya shi ta hanya biyu: fosforamidait don na'ura, ko mai fosfet uku don enzayim. A allurar mRNA an ɗauke UTP, wato U mai fosfet uku, gaba ɗaya aka ba folimares T7 makwafinsa, don haka duk inda U ya kamata ya zauna shi ne ya zauna. Ba za ka iya ce wa T7 ta sa shi a gurbi na 40 ta bar na 41 ba. Haka 7-di'aza-dGTP a PCR mai yawan GC, haka haruffan Sanger na 1977 masu tsayar da zare. Enzayim na ba ka tsawo, dubban haruffa, inda mu muke gajiya a wajen 200, tunda ko da kashi 99 a kowane ɗauri, oligo mai haruffa 100 kashi 37 ne kawai ke fitowa cikakke. Mu kuma muna ba ka gurbi. TdT na da alƙawari, ban musa ba, amma dole kowane baƙon harafi ya sami karɓuwa a bakin enzayim ɗin, ga toshiyar 3' da za a riƙa cirewa. Kuma ka tambayi kanka, zaren farko mai ɗauke da NaM da aka sa wa E. coli, da me aka haɗa shi? Da fosforamidait.

Farfesa Lawal:
Ku biyun kuna da rabon gaskiya, amma a kan tambayar wa zai iya dasa lahani guda a gurbi guda, a yau amsar tana wajen Sani. Aminu, ka ci gaba da bin aikin TdT, ka riƙa kawo mana abin da ka gani.

Aminu:
In sha Allahu, ranka ya daɗe. Tambaya ɗaya kuma ga Malam Sani. Ina son in liƙa fenti da kilik, wato hanyar haɗa alkain da azaid. Na ga ana sayar da dU mai alkain, amma ban ga fosforamidait mai azaid ba.

Malam Sani:
Da wuya ka gan shi, domin azaid da irin fosforas ɗin da ke jikin fosforamidait ba sa zama kwalba ɗaya, suna cin juna ta hanyar da Staudinger ya bayyana. Ka sa alkain a jikin oligo, azaid ya zo a jikin fentin, jan ƙarfe ya haɗa su. Wannan ce hanyar da Meldal da Sharpless suka wallafa a 2002, suka raba Nobel ta 2022 da Bertozzi. In lallai azaid kake so a DNA, ka sa amino tukuna ka liƙa shi bayan an kwance garkuwa. Dalilin da ya sa ake rataya waɗannan abubuwa a matsayi na biyar na T ko U shi ne wurin yana leƙowa ta babban kwarin zaren, ba ya taɓa fuskar da ke kama A. In kuma motsin DNA kake son gani ba tare da rataya komai ba, 2-aminofiyurin na ƙyalli da kansa, a haska shi a wajen nanomita 310 ya amsa a wajen 370, ya dushe in ya lafe cikin zare, ya haskaka in enzayim ya fizgo shi waje.

Dokta Hauwa:
Kafin a watse, Malam Sani, ka faɗa musu yadda za su tabbatar abin da suka yi oda shi aka kawo. Na ga ɗalibai da yawa na karɓar bututu su fara aiki kai tsaye.

Malam Sani:
Ku nemi sakamakon awon nauyi, ku kuma lissafa nauyin da kuke tsammani da kanku. Oligo mai haruffa 20 yana wajen dalton 6,000. Wanda ya rasa harafi ɗaya zai gaza da kusan 300, wannan a fili yake. Ƙarin 53 na nufin akirilonaitiral da ya fito daga garkuwar fosfet ya koma ya manne wa T. Ƙarin 14 metil ne, wanda ka so ko wanda ba ka so ba. Amma inosin da A bambancinsu dalton ɗaya ne, haka U da C, kuma na'urar awon nauyi ta MALDI ba za ta raba muku wannan ba. In gwajin ya dogara kacokan a kan harafin nan guda, a narkar da ɗan kaɗan daga oligon da enzayim har ya koma nukiliyosaid ɗai-ɗai, a bi da shi ta na'urar rarrabewa ta HPLC a ga kowane tsauni a inda ya kamata. Ga mai 8-okso-G ko dU akwai hanya mafi sauri: a ba shi Fpg, ko UNG, enzayim mai cire yurasil, a bi da alkali, a duba a jel ko ya tsinke a daidai gurbin. Kuma duk oligo mai gyara a tsakiya ku biya a tace shi da HPLC ko jel, domin baƙin fosforamidait sun fi na kullum ƙin ɗauri, guntayen da suka tsaya a gurbin suna da yawa, kuma cire gishiri kaɗai ba ya fitar da su.